Manomin da Aka Rubuta wa "Bai Dawo Ba"

Likita, na karanta rahoton bincikenku kan maganin tsinka jini har sau biyu, da jan biro a hannu, yadda na saba duba littafinka kana aji shida. Ajiye shayin nan ka ji wani misali.

An yi wani manomi mai ciwon zuciya. Aka ɗora shi kan ƙwayar tsinka jini, aka sa sunansa cikin mutum ɗari huɗu da ku masu bincike kuke bibiya. Mutum ne mai kiyaye doka. Kowane wata yakan hau babur ya zo asibiti, a tambaye shi ko an yi masa tiyata, ko an cire masa haƙori, ko ya yi haɗari, ko yana shan wani magani. Ya ce a'a, kuma gaskiya ya faɗa. Ba wanda ya tambaye shi ƙaho, shi kuwa bai ɗauki ƙaho a bakin magani ba, kamar aski ya ɗauke shi. Da bazara ta kama, kafin sharar gona, ya je wurin wanzaminsa, abokinsa tun suna samari, a zuƙe masa mataccen jini a gadon baya yadda ubansa ke yi. Wanzami ya yi tsaga, ya kafa ƙaho. Aka cire ƙaho, jini bai tsaya ba. Wanzami ya danna auduga, ya ɗaure da rawaninsa, rawanin ya jiƙe. Kafin a samo mota, zuciyar da dama ta gaji ta tsaya. Da wata ya zagayo, ma'aikaciya ta kira sunansa sau biyu a baranda, ta rubuta "bai dawo ba", ta kira na gaba. Rahoto ya fito cewa cikin waɗanda aka bibiya ba wanda zubar jini ta yi wa illa.

Wanzamin ya rataye zabirarsa, bai ƙara taɓa bayan kowa ba. Tun bara ya lura dattawa uku masu shan ƙwayar asibiti jininsu na daɗewa bai tsaya ba, amma bai san wa zai gaya wa ba, kuma ba wanda ya zo tambaya.

Ban ce kun yi ƙarya ba. Ban ce maganin banza ne ba, ni ma shi nake sha, shi ke riƙe da ni bayan ikon Allah. Amma shekara talatin da biyar ina kiran suna a aji, ban taɓa soke wanda bai amsa ba sai na taka ƙofar gidansu. Mutum goma sha tara kuka rubuta wa "bai dawo ba". Ku bi su gida-gida, ku zauna da iyalansu, ku gyara shafin rahoton da ya ce ba wanda jini ya yi wa illa, ku ƙara tambayar ƙaho. Ku kuma je ku gaya wa wanzamin nan abin da ya faru, ko ya daina ganin laifin hannunsa. Daga barandar asibiti ba a hango rufin kowa. Hausawa suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.