Auren Iƙama

"Wallahi mijina ne!" Bilƙisu ta faɗa wa kwamitin ɗaukaka ƙara, hawaye sharkaf a niƙabinta. "In yana tari, ni ba na barci."

Muhyiddeen ya sunkuyar da kai don kada dariya ta kuɓuce masa. Ko ɗakinta na unguwar Al-Shifa bai taɓa leƙawa ba. Kamfanin kafilinsa, wanda ya tsaya masa ya shigo ƙasar aiki, ne ya rushe, ita kuma nas ce mai kwantiragi, shi ne ta yarda a ɗaura musu aure ya samu iƙama, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashinta, in ƙura ta lafa ya sake ta. Sai wani munafuki ya tsegunta wa hukuma, aka ce ya tattara ya koma Kano.

Shugaban kwamitin ya share ƙwalla, ya sa Muhyiddeen ya rantse auren gaskiya ne. Ya rantse. Aka buga hatimi.

Suna fitowa ya fashe da dariya. "Sista, kin iya wasan kwaikwayo! Gobe in sha Allahu zan sawwaƙe miki, kamar yadda muka yi."

"Sake ni mana," ta ce, tana gyara abaya. "Wanda ya rantse yau ya yi saki gobe, jirgi ake sa shi, da ankwa."

Ya yi turus. "Allah ya isa tsakanina da wanda ya kai ƙarar nan!"

"Kul, Maigida, daina tsine wa matarka. Mu je, tuwo na hucewa."