Tankin da Ke Amsa wa Kowa

Ma'aikaciyar kwamfuta tana gama gyara manhajar kamfanin, allon da ke sa ido kan tankunan gas ya koma ja.

"Sannu, sarkin gyara!" manaja ya daka mata tsawa. "Shekara da shekaru kore muke gani. Mayar da shi yadda yake!"

Ba ta mayar da shi ba. Ta riga ta ga ɓarnar da lalaci ya binne. Kamata ya yi kowane tanki ya bar adireshin da manhajar za ta kira ta ji lafiyarsa. Amma gurbi ɗaya aka yi wa duka, wanda ake kira sitatik: na ƙarshe yana goge na baya. Na ƙarshen kuwa tankin gwaji ne, fanko, a sito. Shi yake amsa wa kowa, kullum ya ce lafiya lau.

"Yallaɓai, ban lalata allon ba. Yau ya fara faɗar gaskiya."

Ta kira yayanta, mai walda a ma'ajiyar tankunan.

"Yaya, kuna jin warin gas?"

"Ai mun saba, Auta, kwamfutarku ta ce lafiya," ya ce yana dariya. "Bari in kunna wutar walda, zan kira ki."

Ya katse wayar.