Isharar Don Eusebio

"Don Eusebio, ka sauya isharar nan da kake yi wa masu bugu, don Allah," in ji mataimakinsa Nelo. "Wilkin yana can wurin abokan hamayya, shekara takwas yana cin tuwonmu, ya san ta."

Dattijon kocin bai ko dube shi ba. Rauni ya kwantar masa da rabin ƙungiyarsa ta besbol, wasan buga ƙwallo da sanda, shugabanni sun musanya Wilkin da wani matashi mai suna Yefri, sun kuma rantse in aka sha kashi yau, Don Eusebio ya tattara nasa ya nasa.

"Da wannan ishara kocina ya ci kofi a San Pedro, da ita kocinsa ya ci," ya ce. "Ba a kaina za a fara sauya ta ba."

Bugu ɗaya ya rage, kuma Yefri ne riƙe da sandar. Don Eusebio ya miƙe, ya gyara hula, ya shafi hancinsa a gaban kowa. Nelo ya dafe kai.

Daga can Wilkin ya ɗaga murya: "Na gane ka, tsoho! Ku matso kusa, ɗan taɓa ƙwallon zai yi!"

Duk 'yan ƙungiyar Wilkin suka matso. Yefri ya zage ya maka ta, ta wuce bisa kawunansu, ta faɗa inda babu mai tare ta. Bugun nan ya ba ƙungiyar Don Eusebio nasara.

Nelo ya saki baki. "Ashe ka sauya?"

"Ban sauya komai ba. Hanci na nufin a buga da ƙarfi, tun kaka da kakanni. Shekara takwas Wilkin bai taɓa fahimtar isharata daidai ba. Kana tsammanin don me na roƙi a musanya shi?"