Na Gida ko Na Saye

Layin sauti ashirin da huɗu ne a waƙar, Yaya kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya kamar tela yana bin ɗinki. Ganga, jita, fiyano, muryoyin 'yan amshi. A jikin kowane layi akwai kayan gyaran da manhajar haɗa sauti ta zo da su tun daga kamfani, waɗanda yake kira na gida: na rage kaushi, na daidaita ƙarfin murya, na toshe hayaniya. Shekara goma sha tara da su yake aiki. Hedifon a kunne, ya taɓa lamba, ya dubi allurar da ke rawa a fuskar kwamfuta, ya wuce.

Ƙanwarsa Auta ce ke riƙe da situdiyon. Ita ke karɓar baƙi, ita ke amsa waya. Wata uku da suka wuce ta sayo fulogin, ƙananan manhajojin gyaran sauti da ake saye daban a ɗora, irin waɗanda kowane situdiyo ke taƙama da su yanzu. Yaya bai buɗe ko ɗaya ba.

Da ba haka yake ba. A da, ko sabuwar rediyo aka shigo da ita sai ya kwance ta ya ga hanjinta. Tun da zazzaɓi ya kwantar da shi mako biyar a asibiti ya dawo wani mutum daban. Ya juya teburinsa ya fuskanci ƙofa. Ya daina hira. In mawaƙi ya zo da gyara, sai ya tura masa takarda da biro, ya ce baki ke mantuwa, rubutu ba ya yi.

Auta ta bar shi a kan gajiyar ciwo ce. Ita ma mako biyar ɗin nan a bencin asibiti ta yi su, kuma tun daga lokacin ba abin da ke yi mata daɗi, ba abin da ke yi mata zafi. Ta buɗe situdiyo da safe, ta rufe da yamma.

Ranar Talata mawaƙiyar da ta fi kowa kawo musu aiki ta zo.

"Mai Kunne, aikinka tsaf yake," ta ce masa. "Amma na bana kamar na bara, na bara kamar na bara waccan. In wannan bai fito da sabon launi ba, zan kai sauran waƙoƙin wani wuri. Ba don raini ba."

Ya kafa mata ido har ta rufe baki.

"Na gida na sani," ya ce. "Na san abin da kowace lamba ke yi."

Kwana biyu Auta ta yi a kan ƙaramar kwamfutar gaba, tana haɗa waƙar da kanta da fulogin ɗin. Ranar Alhamis da rana ta shiga ɗakinsa, ta juya allon kwamfutarsa ya fuskance ta, ta tsaya a gabansa.

"Yaya, ba gardama nake nema ba. Biyu ne, ɗaya naka, ɗaya nawa. Ba ka ganin allo. Wanda kunnenka ya zaɓa shi za mu ba mawaƙiyar."

Ya daɗe yana kallonta. Ya ɗora tafin hannunsa a kan tebur.

"Ki sa a lasifika."

"Ana ɗaukar murya a ɗakin can. Sai dai hedifon ɗinka."

Ya ɗauke hannun a hankali. Ya saka hedifon.

Ta ɗaga yatsa ɗaya, ta danna. Allurai suka hau rawa a gabanta. Shi bai rufe ido ba, yadda ya saba a da in yana saurare. Ita yake kallo. Minti huɗu suka wuce. Ta ɗaga yatsa biyu, ta danna, ta gyara tsayuwa ba tare da ta sani ba, ta kama bakin mayafinta tana murzawa.

Da ta sauke hannu ya cire hedifon.

"Na biyu," ya ce. "Muryar ta fi fitowa, gangar ta zauna. Naki ne, ko?"

Ta gyaɗa kai.

"Ki ba ta shi. Daga yau ke za ki riƙa haɗawa, Auta. Hannunki ya nuna."

Ta jira murna ta zo, ba ta zo ba. Ya ɗauki hularsa ya fita, ƙofar ta bugu da ƙarfi a bayansa, bai waiwaya ba.

Ta zauna a kujerarsa. Tana so ta ji abin da ya ji, ta san inda ta fi shi. Ta saka hedifon ɗin, da sauran ɗumin kansa a jiki, ta danna.

Allurai suka yi rawa. Shiru.

Ta ƙara ƙarfi har ƙarshe. Shiru. Ta durƙusa, ta bi wayar hedifon ɗin da yatsa, ta gefen kujera, ta bayan akwatin kwamfuta, har ƙarƙashin tebur.

Kan wayar na kwance a ƙasa, ƙurar watanni ta lulluɓe shi: hedifon ɗin da Yaya ke aiki da shi kullum tun da ya dawo daga asibiti ba a jone yake da komai ba, shi kuma bai taɓa sani ba.