Motar da Ke Shan Baƙin Mai

Dogo ya zaro gejin mai, ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa. Baƙin man da ya cika kwanan nan ya sauka har ƙasa. Matarsa ce ke jan motar, kuma iyakarta makarantar yara da shagon ɗinkinta.

Da farko bakanike ya zarga. Ya kai masa motar, ya tsaya a kansa ko ƙiftawa ba ya yi.

Bakaniken ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin injin, ko ɗigo bai sauka ba. Ya taka totur, salansa ba ta yi hayaƙin kirki ba. Ya kwance fulogai, ya leƙa lagireto ko mai ya gauraya da ruwa. Lafiya lau.

"Oga, tsohon inji dole ya ɗan sha mai, amma sai ya ci hanya. Wannan motar tafiya take yi."

"Wace tafiya? Dubi mitar kilomita, ko motsi ba ta yi."

Bakaniken ya cusa hannu bayan sitiyari, ya jawo wata waya tana reto.

"Ina za ta motsa? Ba tsinkewa ta yi ba. Zare ta aka yi."

A hanyar gida Dogo ya fara ganin abin da bai taɓa lura da shi ba. Tayoyi sun cinye. An tura kujerar mai zaman banza baya, har ƙarshe, yadda shi kansa yake yi saboda tsawon ƙafafunsa. Rabonsa da zama a wurin kuwa ya manta. Wani warin man zafi ya kama kujerar, su kuma ba mai shafa shi a gidan.

"Maman yara, wa kike ɗauka a motar nan?"

Ta ci gaba da ninke kaya, ba ta ɗago ba. "Yara mana. Wa zan ɗauka?"

"Yaran ne suka yi tsawo haka?"

Ta yi dariya, dariyar da ba ta kai ido ba.

Abinci ya daina shiga. Dogo ba shi da babban da zai kai wa ƙara, don wannan ƙofar shi ya rufe ta da hannunsa tun da daɗewa. Ya haɗiye abin, yana cin sa a ciki.

Wata safiya ya ari babur ɗin maƙwabcinsa. Matarsa ta sauke yara a makaranta, ta wuce shagonta ko kallo bai ishe ta ba, ta miƙe hanyar bayan gari. Ya bi ta daga nesa. Gidaje suka ƙare, kwalta ta ƙare, ba ta tsaya ba. Kalmar saki ta hau kan harshensa ta zauna.

A wata unguwa da bai sani ba ta tsaya, gaban wani ɗan ɗakin haya mai tsohon kwano. Ta shiga ba sallama, kamar gidanta. Dogo ya jingine babur.

Wata tsohuwa da ke shara ta ɗaga murya ta taga: "'Yar albarka, ku hanzarta! Ranar nan da kuka makara sai da suka hana shi wankin ƙodar a asibiti."

Labule ya motsa. Matarsa ta fito da baya, tana tallafe da wani dogon mutum da ya rame har riga ta yi masa yawa, tana cewa, "A hankali, Baba."

Dogo ya dubi fuskar mutumin. Mahaifinsa ne, wanda shi Dogon ya rantse ba zai ƙara taka inda yake ba, ya kuma hana kowa ambatar sunansa a gidan.