Tabaraun Mama Tela

Shekara ashirin da biyu Mama Tela tana manta tabarau a gida. Duk ranar da aka miƙo mata Littafi Mai Tsarki a majami'a, sai ta lalubi jaka, ta ja tsaki, ta ce, "Wannan mantuwa tawa dai sai addu'a." Sannan ta lumshe ido ta kawo ayar da ka, ba tuntuɓe. Mata su girgiza kai su ce baiwa ce. Ba wanda ya taɓa tambayar yadda mai raunin ido take zura zare a allura tun daga nesa.

Gaskiyar magana, ko baƙi ɗaya ba ta sani ba. Mijinta ne yake karanta mata kowace safiya, ita kuma ta haddace. Bara ya rasu, rijiya ta ƙafe, ta ci gaba da shan abin da ta tara.

Wata Litinin sai ga Fasto a ƙofar shagonta, da wata budurwa a bayansa.

"Mama, ga ɗiya na kawo miki. Sabuwar tuba ce. Ke za ki riƙe ta a almajiranci har baftisma, nan da wata huɗu."

A majami'arsu, ranar baftisma mai koyarwa ce take fita gaba ta karanta ayar da Fasto ya buɗe nan take, ba shiri, ba zaɓi. Mama ta kawo uzurin ɗinki, ta kawo na ciwon baya, daga ƙarshe ta kawo na tabarau.

"In tabarau ne, ikilisiya za ta saya miki biyu," in ji Fasto. Ya yi murmushi ya tafi abinsa.

Baƙuwa, kamar yadda Mama ta laƙaba mata, ba ta zuwa sai ƙarfe huɗu na yamma. Ranar farko ta zauna a kan benci kusa da keken ɗinki, ta buɗe littafin, ta ɗora a cinyar Mama. "Zaburar makiyayi nake so, Mama. Ki faɗa a hankali, ki ɗora yatsa a kan kowace kalma in gani."

Wato ita ma ba ta iya ba ke nan, in ji Mama a ranta. Makauniya za ta yi wa makauniya jagora. Ta ɗora yatsa a farkon layi, ta faɗi kalmar farko, ta tsallake ɗan filin da ke tsakani, ta faɗi ta biyu. Abin mamaki, maganar bakinta da layin suka ƙare tare.

Yarinyar nan kuwa akwai nauyin kai, ga tambaya kamar ɗan sanda. "Mama, ina kuma aka sake rubuta Ubangiji a shafin nan?" Sai Mama ta bi layi tana nema kamar mai neman maɓalli ɗan'uwan wani a cikin gwangwani. "Me ya sa kalmar makiyayi da kalmar mai suka fara da abu iri ɗaya?" Sai Mama ta ƙura ido har ta gano, ta yi bayani da muryar manya. Abu ɗaya a maimaita shi sau goma. Ga ta da ɓarna, kullum hannun rigarta fari fat. Mama ta yi mata faɗa ta daina taɓa mata allin ɗinki. Ta ce ta tuba.

Abin da Mama ta sani da gaske, ta ba ta shi ba ƙyashi. Ta koya mata durƙusawa ta yi addu'a ko ba ta jin yi. Ta sa ta kira yayarta da suka shekara uku ba sa magana. Amma duk sanda ta ce mata Allah ba ya son ƙarya, sai ta tuna da tata ƙaryar. Sau uku tana zuwa ƙofar ofishin Fasto don ta faɗi gaskiya, sau uku tana komawa. Abinci ya daina shiga. Ta yanka yadin wata mata ba daidai ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Addu'arta ta koma guda ɗaya: ya Ubangiji, ko dai ka rufa mini asiri, ko ka ɗauke ni kafin ranar.

Bai ɗauke ta ba. Ranar ta zo, majami'a ta cika har bakin ƙofa. Fasto ya buɗe can tsakiyar littattafan annabawa, wurin da mijinta bai taɓa kai ta ba, ya miƙo. Hannun Mama ya nufi jaka, kalmar tabarau ta zo kan harshe.

Baƙuwa, da farar rigarta sharkaf da ruwa, ta matso ta raɗa mata, "Da yatsa, Mama."

Ta ɗora yatsa. Baƙin farko ta san shi. Na biyu ma. Ta haɗa, kalma ta fito. Ta yi tuntuɓe, ta koma, ta sake ɗauka, hawaye na zuba, har ayar ta ƙare. Jama'a suka ce amin, suna zaton hawayen na tuna marigayi ne.

Bayan an tashi, Baƙuwa ta ba ta ajiyar jaka za ta je canja kaya. Wani kati mai igiya ya zamo ya faɗi ƙasa. Mama ta ɗauka ta ga hoton Baƙuwa. Da can da ta kaɗe ƙura ta mayar, amma yanzu idonta ba ya iya wuce rubutu. Ta ɗora yatsa a ƙasan hoton, ta bi shi gaɓa-gaɓa, a hankali, kamar yadda ta koya wa yarinyar: "Malamar koyar da manya karatu."