Murfin da Ke Rataye a Ƙusa

Motar masu duba wuraren aiki ta tsaya a ƙofar shagon kafintocin da hantsi, ba waya, ba sanarwa. Mai shagon, wani tsoho, na zaune a benci riƙe da kofin shayin da ya daɗe da hucewa. Da ya ga tambarin jikin motar, sai ya zaro wayarsa ya duba. Babu kira ko ɗaya.

Wannan bai taɓa faruwa ba. Shekara shida cur, duk lokacin da za a zo dubawa, akwai mai kiransa daga ofishin tun ana gobe. Kalma biyu ce kacal: "Gobe ne." Sai shago ya kacame. A share garin katako, a aro tukunyar kashe gobara wajen mai walda, a fito da tabarau da safar hannu daga ledarsu. Uwa uba, a sauko da murfin ƙarfe na injin tsaga katako daga ƙusar bayan ƙofa, a ɗaura. Wai murfin yana rage saurin aiki. Masu dubawa na juya baya, ya koma ƙusarsa.

Wata huɗu da suka wuce, injin ya tunkuɗo katako ya daki Dogo a ƙirji. Dogo, hannun daman tsohon, wanda ko faɗa yake yi maka sai ka yi dariya. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Tun ranar tsohon ya zama wani iri. Abinci sai an yi da gaske. Takalman Dogo na nan ƙarƙashin teburin aiki, ya hana kowa taɓawa. An ɗaura murfin bayan rasuwar, gaskiya ne, har ya yi sati uku. Da wani aikin ƙofofi na gaggawa ya taso, wani ya kwance shi. Tsohon ya gani, ya kau da kai. Ba shi da sauran ƙarfin yi wa kowa magana.

Jami'ar da ta fito daga motar siririya ce, ta rame, idanunta sun faɗa. Ta tsallake karyayyen dokin ƙofar ba tare da ta dubi ƙasa ba, abokin aikinta kuwa sai da ya yi tuntuɓe.

"Sannunku da aiki," ta ce, ba ta kalli bencin ba.

Ta nufi injin kai tsaye. Haƙoransa na waje tsirara, suna ƙyalli.

"Ina murfinsa?"

Babban ma'aikacin shagon ya sosa ƙeya. "Ranki ya daɗe, gyara muka kai shi."

Ta koma bakin ƙofa, ta zura hannu bayan ƙofar ko leƙawa ba ta yi ba, ta sauko da murfin. Ƙura ta yi masa rawani. Kowa ya sunkuyar da kai.

Ta rubuta komai: babu tukunyar gobara, wayar lantarki a salaɓe kusa da garin katako, tabarau suna leda. Ba ta dakata ba sai da ta zo teburin aiki ta ga takalman. Nan biron ya tsaya. Ta daɗe a tsaye, har abokin aikinta ya yi gyaran murya.

Hukuncin a fili yake: a rufe shagon nan take. Shagon da tsohon ya shekara talatin yana ginawa, da shi yake ci da iyalinsa, da shi mutum tara ke ci da nasu. Ma'aikata suka fita ɗaya bayan ɗaya. Da hannunta ta ja ƙofar, ta danna kwaɗo, ta manna jar takarda.

Tsohon ya taso da ƙyar. Bai roƙe ta ba, bai yi musu ba. Wayar kawai ya ɗaga.

"Ko kira babu wannan karon?"

Sai a lokacin ta dubi mahaifinta, hawaye na zuba a kan rigar aikinta.

"Baba, shekara shida ina kiranka, ina ganin taimakonka nake yi," ta ce. "Da ban taɓa kira ba, da yau Yaya Dogo yana raye."